Daga Fuskar Waya Zuwa Takarda: Sana'ar Gyaran Hoto a Ƙasar Yawuri

Duk wanda ya ratsa kasuwar Warra, ko ya bi babban titin da ya keta Yelwa ya nufi Koko da Jega, zai ga yadda hoto ya mamaye gari. Ga allon mai sayar da maganin feshi, ga fileks ɗin walimar saukar Alƙur'ani a ƙofar Islamiyya, ga fastocin 'yan siyasa da rana ta ci har suka koɗe, ga sitikar ango da amarya a bayan babur. A aljihun kowa kuma akwai wata kasuwar: katin ɗaurin aure a WhatsApp, tallan albasa da bandar kifi a Facebook. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai bi ta hannun mai zane ba. Yawanci matashi ne a ƙaramin shago gaban kwamfuta, wani ma wayar hannu ce kaɗai jarinsa.

Kukan da masu wannan sana'a suka fi ji daga bakin masu kawo aiki shi ne: "Malam, ai ba haka na gani a waya ba." Koren riga ya dusashe. Fuskar ango ta fashe. Wuƙar maɗaba'a ta tafi da ƙarshen lambar waya. Wani harafi ya yi ɓatan dabo daga sunan amarya.

A Kano ko Kaduna, inda injin bugu ke bayan shagon mai zane, irin wannan kuskure ana iya gyara shi kafin la'asar. A Warra da Ngaski da Shanga lamarin ya sha bamban, domin manyan ayyuka sukan tafi manyan garuruwa ne: a tura fayil ta waya, a jira kaya su dawo a mota. Idan aka yi kuskure, kuɗin bugu ya zama biyu, kuɗin mota biyu, wataƙila ma biki ya wuce kafin gyara ya iso. Amma kusan duk wannan asara tambaya ɗaya ke hana ta, idan aka yi ta tun kafin a taɓa kwamfuta: ina wannan hoton zai sauka, a fuskar waya, a takarda, ko a fileks?

Kayan aikin da asalinsu

Kafin zuwan kwamfuta, allon shago aikin mai fenti da buroshi ne, ɗab'i kuma sai manyan maɗaba'u irin Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, shekara shida bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yau aikin da a da sai an tara mutane da injuna, manhaja biyu ko uku ke yin sa a kan tebur ɗaya.

Ta farko ita ce Photoshop. A 1987 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Michigan ta Amurka, Thomas Knoll, ya rubuta 'yar manhaja don nuna hotuna a fuskar kwamfuta. Ɗan'uwansa John, wanda ke aiki a kamfanin haɗa dabarun fim na Industrial Light & Magic, ya hango kasuwa a cikinta. Kamfanin Adobe ya karɓi lasisin sayar da ita, ta fito a Fabrairun 1990. Aikinta shi ne hoton da aka ɗauka da kyamara: gyara haske, daidaita launi, cire bayan hoto, share tabo.

Ta biyu ita ce CorelDRAW, ta kamfanin Corel na Ottawa a Kanada, wadda ta fito a 1989. Ita ce sarauniyar shagunan bugu a Najeriya, daga Shomolu a Legas har Kano da Sakkwato. Da ita ake tsara rubutu da tambari da kati da kalanda. Ƙwararren mai zane yakan gyara hoto a Photoshop, sannan ya kawo shi CorelDRAW ya jera shi da rubutu.

Daga baya wayar hannu ta buɗe ƙofa ga kowa. Canva, wadda aka fara a Ostareliya a 2013, da PixelLab, wadda ta shahara a hannun matasan Arewa, sun sa yaron da bai taɓa mallakar kwamfuta ba yana iya haɗa katin gayyata mai kyau cikin ɗan lokaci. Wannan alheri ne babba. Sai dai waɗannan manhajojin waya an gina su ne da tunanin fuskar waya, kuma a nan ne matsalar ke farawa idan aka nufi maɗaba'a.

Ɗigon da ido ba ya gani

Kowane hoto na kyamara ko na waya an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel. Yawansu ƙayyadadde ne tun ranar da aka ɗauki hoton. Wayar da ke ɗaukar hoto mai megafiksel 12 takan ba da ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye. Abin da ke canzawa shi ne girman wurin da za a shimfiɗa su.

Masunci zai gane wannan da sauri. Idan ya ja raga ya buɗe ta, zare ba ya ƙaruwa, idanun raga ne ke ƙara faɗi. Haka hoto yake: a ja shi ya wuce ƙarfinsa, ɗigogin su buɗe, ido ya fara ganin su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne abin da ake cewa hoto ya fashe.

Ƙa'idar da maɗaba'u ke bi ga duk abin da za a riƙe a hannu, kamar kati da mujalla da kalanda, ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Da wannan lissafi, hoton da ake wankewa mai inci 6 da 4 yana buƙatar ɗigo 1,800 da 1,200. Takardar A4 cikakkiya tana buƙatar 2,480 da 3,508. A3, girman fastocin da aka fi mannawa a bango, tana buƙatar 3,508 da 4,961. Wato hoton nan na megafiksel 12 zai cika A4 lafiya lau, idan ya isa hannun mai zane yadda aka ɗauke shi.

Amma sau nawa yake isa haka? Yawancin hotuna ta WhatsApp suke zuwa, ita kuma WhatsApp takan matse hoto don ya tafi da sauri, sau da yawa ta rage dogon gefensa zuwa kimanin ɗigo 1,600. Irin wannan hoto, a ma'aunin ɗigo 300, da kaɗan ya wuce inci 5 da 4. Idan kuma an ɗauko shi ne daga Facebook, ko an ɗauki hoton fuskar waya, ko ya bi hannu biyar kafin ya iso, abin da ya rage a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Maganin ba ya cin ko kwabo: a tura hoton a matsayin dokumen, ko a zo da wayar da ta ɗauke shi a kwafe da kebul. Tun 2023 WhatsApp ta ƙara maɓallin HD, wanda ya rage ɓarnar, amma dokumen ne kaɗai ke kai hoto ba tare da an taɓa shi ba.

Fileks yana da nasa hukunci, kuma ya fi sauƙi. Da yake daga nesa ake kallonsa, ɗigo 100 a inci ya wadatar, babban allon bakin titi ma ƙasa da haka ya isa. Duk da haka fileks mai ƙafa 10 da ƙafa 4 yana buƙatar ɗigo 12,000 da 4,800 a wannan ma'auni. Saboda haka mai zane mai lura ba ya shimfiɗa hoto ɗaya ya cika irin wannan fili. Yakan ba hoto sashe, ya bar sauran ga rubutu da launi, waɗanda ba sa fashewa.

Haske daban, tawada daban

Fuskar waya fitila ce. Tana haɗa hasken ja da kore da shuɗi ta fitar da sauran launuka, tsarin da ake kira RGB. Takarda ba ta da haske nata, sai wanda ya faɗo mata. Injin bugu yana ɗora tawada huɗu ne: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi, wato CMYK. A tsofaffin injuna irin Kord, waɗanda har yau suke aiki a maɗaba'un Najeriya, takarda takan shiga inji sau huɗu, kowace tawada da farantinta.

Akwai launukan da fitila ke iya nunawa amma tawada ba ta kai su ba. Kore mai ƙyalli, shuɗi mai ƙarfi, ruwan lemo mai walƙiya: waɗannan su ne suka fi mutuwa a takarda, kuma su ne masu kawo aiki suka fi so. Mai zanen da ya san aikinsa yakan mayar da fayil CMYK tun da wuri, ko ya buɗe sashen gwajin launi na Photoshop, ya juya fuskar kwamfuta ya ce wa mai aiki: "Alhaji, ga yadda zai fito a takarda." Gara a yi musun a nan da a yi shi bayan an buga kofi dubu.

Baƙi ma yana da sirrinsa. Ƙananan rubutu da baƙar tawada zalla ake yin su. Idan aka haɗa su da tawada huɗu, inji ya ɗan goce ko da gashin kai ne, sai a ga inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffa, karatu ya yi wuya. Babban fili na baƙi kuwa, idan aka bar shi da baƙar tawada kaɗai, yakan fito kamar toka, sai an ƙara masa kaɗan daga sauran ukun.

Sai kuma fatar mutane. Fuskar kwamfutar da aka ƙure wa haske takan yaudari mai zane, ya ga hoto tas, a buga ya fito da duhu. Ga baƙar fata wannan ya fi tsanani, domin inuwar da ke ƙarƙashin hula ko gyale takan haɗe da fuska har kamanni su ɓace. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga inuwar kaɗai, a bar launin fata yadda Allah ya yi shi. Wanda bai iya ba yakan ƙara wa hoton gaba ɗaya haske, farar babbar riga ta ƙone, aikin da ke wuyanta ya ɓace, mutum kuma ya koma wani daban. Kafin a saki babban aiki, a buga ɗan guntu a duba shi a hasken rana. Kuɗin guntun bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da yake hanawa ba.

Aikin da ake iya komawa kansa

A 1994 Photoshop ta zo da tsarin da ya canza sana'ar, wanda masu zane ke kira leya. Kowane abu yana zaune a hawansa: bayan hoto a ƙasa, mutum a samansa, rubutu a can sama. Ana iya taɓa ɗaya ba tare da an motsa sauran ba. Amfanin wannan yana bayyana ne ranar da uban amarya ya aiko cewa an ɗaga ɗaurin aure daga Juma'a zuwa Asabar. Wanda ya ajiye fayil da leyoyinsa zai canza kalma ɗaya ya gama. Wanda ya haɗe komai ya ajiye JPEG kaɗai sai ya sake aiki daga tushe.

Tambari kuma ba a yin sa da ɗigo. Ana zana shi ne da layuka da lanƙwasa waɗanda kwamfuta ke lissafawa, irin zanen CorelDRAW da Illustrator da Inkscape. Irin wannan zane ba ya fashewa, ko a kan hatimi aka sa shi ko a gefen babbar mota. Ƙungiyar masunta ko makarantar da ta biya aka yi mata tambari, ya kamata ta karɓi wannan fayil na asali ta adana, ba hotonsa kaɗai ba.

Akwai kuma hakkin wuƙa. Maɗaba'a takan buga a babbar takarda ne sannan ta yanke, wuƙa kuma ba ta sauka daidai wuri ɗaya kullum. Don haka ake barin launin bayan zane ya zarce iyaka da milimita 3 a kowane gefe, a kuma janye rubutu ciki daga bakin takarda. A fileks sai a bar wurin naɗe baki da wurin huda ƙofofin igiya. Fayil na ƙarshe da ake tura wa maɗaba'a ya fi aminci a PDF, domin yana riƙe girma da launi da haruffa yadda aka tsara su.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne mai zane Bahaushe ke da wani nauyi da takwaransa na Landan ba shi da shi. Yawancin samfuran haruffa masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka rubuta su, ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko manhaja ta aro harafi daga wani samfuri ya tsaya a tsakiyar kalma bai dace da 'yan'uwansa ba. Da yawa sukan gudu daga matsalar su rubuta b da d da k kawai, sai allon mai sayar da ƙosai da katin ɗaurin aure su fito da Hausa gurguwa.

Matsalar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiri samfuran haruffan Hausa na kwamfuta don marubuta da maɗaba'u. Yau an huta, domin akwai samfura na kyauta masu ɗauke da dukkan haruffan, irin su Noto na Google da Charis da Andika na cibiyar SIL, allon rubutun waya ma yana da Hausa. Abin da ya rage shi ne a gwada samfuri da kalma mai lanƙwasa kafin a zaɓe shi, sannan a mayar da rubutu zane kafin a tura, abin da masu CorelDRAW ke kira konbat. Idan ba a yi haka ba, kwamfutar maɗaba'ar da ba ta da samfurin za ta musanya shi da wanda ta ga dama.

Larabci ya fi wannan buƙatar kula. Idan ba a saita manhaja ta karɓi rubutun dama zuwa hagu ba, haruffa sukan rabu da juna ko su juya baya, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai lura ba. Duk katin walima ko kalandar Islamiyya mai ɗauke da aya ko addu'a, wajibi ne a kai wa malami ya duba kafin a buga.

Idan waya ce masaukin

Aikin intanet kusan kishiyar aikin bugu ne. A bugu ana neman nauyi, a nan ana neman sauƙi. Fayil mai megabait 20 da maɗaba'a ke murna da shi, a ƙauyen bakin ruwa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mutum zai gaji da jira ya wuce, ga kuma datarsa ta tafi.

A fuskar waya ba a lissafin inci, yawan ɗigo ne kawai abin dubawa. Ɗigo 1,080 a faɗi ya wadatar ga yawancin tallace-tallace: 1,080 da 1,080 ga mai kusurwa huɗu daidai, 1,080 da 1,920 ga sitatus na WhatsApp. Launi ya tsaya a RGB. Hoton mutane da kaya a ajiye shi JPEG, tambari da zanen da ba a son bayansa ya fito a ajiye shi PNG. Masu gina shafukan intanet kuma sukan yi amfani da WebP, wanda Google ta fitar a 2010, saboda ƙarancin nauyinsa.

Rubutu ma a rage shi. Fastar bango tana iya ɗaukar sunayen manyan baƙi goma sha biyu, amma a wayar da faɗinta bai wuce tafin hannu ba, babu mai karanta su. Abu uku ake son ido ya kama nan take: mene ne, yaushe ko nawa, wa za a kira. Dabarar ƙwararru ita ce a yi uwar fayil ɗaya babba, daga ita a fitar da kofi biyu, ɗaya na maɗaba'a ɗaya na waya. Daga babba ake ragewa, ƙarami ba ya komawa babba.

Hoton gida

Abin takaici ne a ga allon mai sayar da kifi a bakin tafkin Kainji ɗauke da hoton kifin teku da aka kwaso daga intanet, alhali ga giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa a kwando gabansa. Kama da wane ba ta wane. Mai saye daga Kontagora ko Kaduna da ya ga talla a waya, abin da za a ɗaure masa a kwali yake son gani. Hoton bandar kifi da aka ɗauka da safe a inuwa, a kan tsaftataccen faifai, aka ɗan gyara masa haske, ya fi kowane hoton aro jawo ciniki. Hoton aro yana da wata illar kuma: mai shi yana da hakki a kansa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hotuna kamar yadda ta kare littattafai.

Ƙasar Yawuri ba ta rasa abin ɗauka ba. Bikin Rigata kaɗai, da tseren kwale-kwalensa da adon jiragensa, ya isa cika kalanda. Sai dai ɗaukar hoto a kan ruwa yana da wuya, domin ruwa na mayar da hasken rana, kyamara ta ruɗe, sama ta yi fari fat, fuskokin matuƙa su yi duhu. A nan ne fayil ɗin RAW ke da amfani, wanda manyan kyamarori da wasu wayoyi ke iya ɗauka. Yana adana bayanin haske fiye da JPEG, ta yadda a manhajar Lightroom ko Photoshop za a iya dawo da launin sama a kuma fito da fuskoki.

Akwai wani aikin da ya fi talla daraja. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, ta haifar da tafki mai tsawon sama da kilomita 130, ta kuma tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwa da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa masu yawa. Duk hoton da ya rage a akwatin wani tsoho daga wancan zamani, ko daga shekarun farko na sababbin matsugunai, shaida ce ta wurin da ruwa ya rufe. Damina da gara suna cin irin waɗannan hotuna kowace shekara. Mai zanen da ke da sikana zai iya ceto su: ya kwafe a ɗigo 600 a inci don a samu damar faɗaɗawa, ya ajiye kofin farko ba tare da ya taɓa shi ba, sannan a kofi na biyu ya ɗinke yagewa ya share tabon ruwa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke "gyara" tsohuwar fuska cikin daƙiƙa suna buƙatar taka-tsantsan, domin abin da ba su gani ba ƙirƙiro shi suke yi. Sukan goge tsagar gado suna ɗaukar ta tabo, jikoki su rataye hoton mutumin da ba kakansu ba.

Inda gyara ya tsaya

Jarabar canza hoto ta girmi Photoshop. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoto ya shiga bangon mujalla, abin da ya jawo mata suka mai yawa. Yau abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman tun 2023 da Photoshop ta samu damar ƙara abu a hoto da umarnin rubutu kawai.

Masu sana'ar kirki suna da iyaka da suka sani. Share ƙurji a fuskar amarya ko cire igiyar shanya a bayan hoto ado ne. Ƙara jama'a a taron siyasa, canza suna ko maki a takardar shaida, ƙirƙirar rasidin banki, ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba, waɗannan zamba ce da cin mutunci, kuma suna kai mutum gaban alƙali. Hoton fasfo na takardun hukuma ma ba a yi masa kwalliya, domin aikinsa a gane mai shi.

Mutanen Warra sun san nauyin labari a ranar tashin hankali. Ba a manta da hatsarin jirgin ruwa na 26 ga Mayu 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa a kusa da garin. A irin wannan rana, hoton da aka ɗauko daga wata ƙasa aka liƙa masa sunan gari yana ƙara wa iyalai raɗaɗi ne kawai. Hannun da ya iya haɗa hoto yana da aikin da ya fi wannan: fasta mai manyan haruffan Hausa da za a kafa a kwata, mai nuna rigar ruwa da haɗarin lodi fiye da kima da tafiyar dare, da zane bayyananne wanda ko wanda bai yi boko ba zai fahimta.

Jari da koyo

Sana'ar ba ta rasa ƙalubale. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin fitowar Photoshop saye ɗaya, ta koma kuɗin wata-wata, wanda faɗuwar darajar naira ta ƙara wa nauyi. Da yawa sukan koma ga kofin sata, shi kuma yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke iya cinye aikin shekara guda. Akwai hanyoyin halal na kyauta. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka fara a 1995, tana yin mafi yawan gyaran hoto. Photopea tana aiki a cikin burauza, tana kuma buɗe fayilolin Photoshop da leyoyinsu. Inkscape tana zana tambari. Wuta ma abin lissafi ce: duk da madatsar da ke ƙasan tafkin, mai shago ba ya rabuwa da janareta ko sola, shi ya sa laftof mai riƙe caji ta fi kwamfutar tebur amfani, adana aiki a kai a kai kuma ya zama ɗabi'a.

Mai son zurfafa ilimi yana da inda zai nufa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da zanen gurafik a sashenta na tsara kayan masana'antu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma tana da sashen fasahar ɗab'i. Amma mafi yawan masu zane a hannun ubangida suka koya, da bidiyoyin YouTube, waɗanda yanzu akwai na Hausa a cikinsu. Abin da bidiyo ba ya bayarwa shi ne tsayuwa a gaban inji. Matashin da ya samu ko mako biyu a maɗaba'a, ya ga yadda ake fitar da faranti, yadda tawada ke zama a takarda mai sheƙi da marar sheƙi, yadda ake yanka, zai dawo gida da idon da ke hango kuskure tun yana fuskar kwamfuta.

Kasuwa kuwa tana nan tafe. Kakar zaɓen 2027 za ta buƙaci fastoci da fileks a kowace mazaɓa ta Yawuri da Ngaski da Shanga, makarantu za su so kalanda da katin shaida, masu albasa da shinkafa da kifi suna ƙara neman masu saye ta waya. Ɗan takara ko ɗan kasuwa zai ci gaba da kai aikinsa Kaduna ko Sakkwato matuƙar a can ne yake samun tabbacin launi da haruffa za su fito daidai. Ranar da ya samu wannan tabbaci a shagon da ke bakin kasuwar Warra, ko da bugun ya tafi wani gari, kuɗin zanen a gida zai tsaya.